Daƙiƙa 60 a Gonar Masara

 Masu bibiyarmu sun saba jin zancen zazzaɓin yara, yaye da allurar rigakafi. Yau kuwa zancen roka na zo muku da shi. Kada gaban kowa ya faɗi, ba irin wadda ake ambata a labaran yaƙi ba ce. Wannan ta kwali ce da katako, tsawonta ya ɗara rular 'yan makaranta da kaɗan, kuma a kan teburin cin abincinmu aka haɗa ta. Amma kafin mu kai ga teburin, sai da na ga abin da ya hana ni barci kwana biyu.

Wata Asabar ce cikin watan Agusta. Na dawo daga aikin dare a asibitin da nake aiki a nan jihar Ohio ta Amurka, ba abin da nake so irin in ga kaina a kan katifa. Ina buɗe gareji sai warin ashana ya bugi hancina. A lungu, bayan kekuna, na tarar da ɗan farina mai shekara 11 durƙushe a kan tsohuwar jarida. Ku yi mini uzuri, a gidanmu ba a kama sunan ɗan fari. Ya kankare kawunan ashana kwali uku ya tara, yana ɗura su cikin guntun bututun ƙarfe da ya yanko daga tsohuwar sandar labule, yana dannawa da ƙusa. Ƙanwarsa 'yar shekara 7 ce ke riƙe masa bututun da hannu biyu, ta sunkuyo da fuskarta tana leƙen bakinsa.

Wanda bai taɓa ganin ƙarshen irin wannan wasa ba zai ce wautar yara ce kawai. Ni na gani. Kafin mu taho ƙasar nan na yi shekaru a sashen gaggawa na wani asibiti a Kano, kuma duk lokacin sallah da ƙarshen shekara mun san waɗanda za a kawo mana: yaran da nokawut ya fashe musu a hannu, da masu bindigar ashana da ake yi da fulogin babur ko tsinken ƙafar keke. Akwai wani yaro sa'an ɗana da har yau nake tunawa. Yatsunsa biyu na hannun dama ba su cetu ba. Mun sha wahalar goge ɗanyen ƙwai da baƙin mai da aka lafta masa a gida kafin mu ga ainihin ciwon, uwarsa kuwa tana tsaye a kaina tana maimaita tambaya ɗaya: "Sista, zai iya riƙe biro?"

Kan ashana in an tara shi da yawa ana dannawa, ba sai an kawo masa wuta ba, gogayya ko bugu sun isa su tayar da shi. In kuwa a cikin ƙarfe ya kama, zafin da hayaƙin ba su da hanyar fita da sauri, sai ƙarfen ya tarwatse, gutsattsarinsa su shiga duk naman da ke kusa. Naman da ke kusa ranar nan tafin hannun 'yata ne da idanunta.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi faɗa irin wanda ban taɓa yi ba. Na zuba ruwa a kan tarin, na ƙwace waya na wata guda, na kulle duk ashanar gidan, na ba shi labarin yaron Kano tun daga farko har ƙarshe ina kuka. Bai yi musu ba. Da na numfasa sai ya ce, "Umma, so nake kawai in ga ta tashi." Na ce in na sake jin kalmar roka a bakinsa sai ransa ya ɓaci.

Ban sake jin kalmar ba kuwa. Sai dai bayan mako biyu ina duba littafinsa na lissafi na tarar da shafukan baya cike da zanen rokoki, har da awo da kibiyoyi. Na kai wa maigida littafin a matsayin ƙara. Ya duba, ya yi murmushi, ya miƙo mini babban yatsansa na hagu, inda yake da wani tabo da na daɗe ina gani ban taɓa tambaya ba. Ya ce bindigar ashana ce, yana aji huɗu a Zariya. Sau uku mahaifinsa ya zane shi a kanta. Na ce to ka daina? Ya ce, "Na daina yi a gida dai. Bayan katangar firamare muka koma." Wannan magana ta fi abin da na gani a gareji tayar mini da hankali, domin na gane hanin da na yi bai kashe sha'awar ba, inda ba zan gani ba kawai ya tura ta.

A taron iyaye na farkon zango na kai kukana wurin malamarsu ta kimiyya. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce in saya masa roka ta haɗawa da hannu, irin wadda ake sayarwa a kwali, kuma ta faɗa mini akwai ƙungiyar masu wannan sha'awa da ke haɗuwa a wata gona a bayan gari sau ɗaya a wata. Na dube ta kamar ba ta ji abin da na faɗa ba. Yaron da na kama da ashana shi zan saya wa albarushi? Ta ce in je in karanta asalin wasan tukuna, in ya so in yanke hukunci. Na karanta a daren, tsakanin zagayen marasa lafiya.

A ranar 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko da ya zagaya duniya. Sai zazzaɓin roka ya kama samarin Amurka. Suka riƙa ɓuya a gareji da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suna cusa kawunan ashana da sinadarai cikin bututun ƙarfe, daidai abin da na tarar da ɗana yana yi shekara sittin da ɗoriya bayan haka. Wasu sun rasa yatsu, wasu ido, wasu ransu. An yi ta gargaɗi, samarin ba su fasa ba.

Mafitar ta fito daga wani mai kantin takalma a garin Norfolk na jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda ke da lasisin haɗa kayan wasan wuta. Tun 1954 shi da ɗan'uwansa Robert suka ƙera wani ɗan ƙaramin injin roka mai jikin takarda. A 1957 ya aika samfurinsa ga G. Harry Stine, injiniyan da ya yi aikin kula da tsaro a filin gwajin rokoki na White Sands. Stine ya ga amfanin abin nan take. A shekarar ya jagoranci kafa ƙungiyar da yau ake kira NAR, ya kuma rubuta mata dokokin kiyaye haɗari bisa abin da ya koya a wurin manyan rokoki. Daga baya wani matashi a birnin Denver, Vernon Estes, ya ƙera na'urar da ya raɗa wa suna Mabel, mai fitar da inji ɗaya duk daƙiƙa 5 da rabi. Kamfanin da ya kafa a 1958, wanda ya koma garin Penrose na jihar Colorado a 1961, yana nan har yau.

Dabarar tasu mai sauƙi ce. Sun duba wasan suka ga inda mutuwa take, wato haɗa makamashi, suka cire wannan daga hannun yaro suka mayar da shi masana'anta. Suka hana ƙarfe a jikin roka, sai kwali, katako mara nauyi da roba. Suka hana kunnawa da ashana, sai da batir da doguwar waya, mutum yana tsaye nesa. Sauran aikin kuwa, awo, yanka, liƙi da fenti, suka bar wa yaro kayansa. Da gari ya waye na biya kanti na saya. Kuɗin bai kai na takalmin ƙwallon da na saya masa bara ba.

Da muka buɗe kwalin har ya ɗan karaya, domin ba abin da ya yi kama da roka a ciki. Bututun kwali ne guda, da hula mai tsini ta roba, da siririn allon katakon balsa da za a ciro fukafukai uku daga jikinsa, da laimar sauka ta leda, da zare, da igiyar roba, da wani ɗan bututu kamar tsinken shan lemo, sai takardar bayani. Muka tanadi gam na katako, samfefa, rula, fensir da reza. Na kafa sharaɗi biyu: reza ba ta fita daga hannuna, injuna kuma suna cikin akwatina a kulle har ranar tashi.

Dare uku aikin ya ci. Daren farko ya haɗa mazaunin inji, ya auna sau biyu kafin ya liƙa, kamar yadda takarda ta ce. Dare na biyu na fukafukai ne, kuma nan aka gwada haƙurin kowa. Sai an ja layi uku miƙaƙƙu a jikin bututun, tazararsu daidai wa daida, kuma jingina bututun ake yi da kusurwar ƙyauren ƙofa a ja layin don kada ya karkace. Sai an lura da inda jijiyar katakon ta nufa, ta bi gefen gaba na fiffiken, in ba haka ba ya karye da wuri. Sannan a shafa gam, a ɗora fiffike ɗaya, a riƙe, a jira ya bushe kafin a taɓa na biyu. Jira kuwa ba ya cikin halayen ɗana. Ya ɗora na biyu na farko bai gama kamawa ba, ya ture shi, ya bushe a karkace.

Hannuna ya riga ya kai kan rokar. Mu ma'aikatan jinya haka muke, in muka ga abu ba daidai ba hannu ne ke fara zuwa kafin baki. Sai maigida ya ɗago daga inda yake shan shayi ya ce, "Maman yara, rokar taki ce ko tasa?" Na janye hannuna na zauna a kansa. Yaron ya ɓata fuska, ya ɗauki lokaci yana kallon fiffiken, sannan ya roƙe ni in yanke masa shi da reza. Ya goge busasshen gam da samfefa, ya sake liƙawa, ya riƙe yana kallon agogon bango. Ban ce masa komai ba. Takardar ta riga ta faɗa masa cewa karkataccen fiffike karkatacciyar tafiya yake haifarwa, kuma ya yarda da takardar fiye da yadda zai yarda da ni a daren.

Dare na uku ya ɗaura laima da igiyar robar da ke haɗa hula da gangar jiki, sannan ya yi mini darasi. Ya sa inji a mazauninsa a gabana, ya ɗora rokar a kan yatsa har ya sami inda nauyinta ya daidaita, ya ce dole wannan wuri ya kasance gaba da inda iska ke turawa, shi ya sa fukafukai suke can baya. Babansa ya ce ai kibiya ma haka take, ƙarfen da ke kanta ne ke sa ta tafi da kai. Suka ɗaura zare a daidai wurin, suka fita tsakar gida, yaron ya riƙa wulwula ta sama da kansa. In ta miƙe hula a gaba, lafiya. In ta riƙa tutsu ko ta juya da baya, sai an ƙara mata nauyi a hula. Tamu ta miƙe. Ya yi mata fenti kore da fari da kore, ƙanwarsa ta raɗa mata suna Shaho.

Injin kansa bai fi yatsana manuni ba, tsawon milimita 70, kauri 18, jikinsa takarda ce naɗaɗɗiya mai ƙarfi. A gindinsa akwai yumɓu mai ɗan rami, ta nan wuta ke fita. Sai albarushi da aka danne ya zama dunƙule, dangin wanda 'yan bindiga ke ɗurawa ranar hawan sallah. Bayansa akwai wani sashe mai ci a hankali yana hayaƙi ba ya turawa, sai kuma ɗan ƙaramin sashe na ƙarshe da ke tunkuɗo hula da laima waje. A jikin namu an rubuta A8-3. Harafin shi ne yawan ƙarfin da ke cikinsa gaba ɗaya, kuma kowane harafi ninkin na bayansa ne: B ninkin A, C ninkin B. Lambar tsakiya ma'aunin turawa ce, ta ƙarshe kuwa daƙiƙun da za a jira bayan wuta ta ƙare kafin laima ta fito. Ɗana ya so mu fara da C. Na karanta masa cewa roka irin tamu da C tana kaiwa mita 300, inda iska za ta iya sace ta a kasa ganinta har abada. Ya dubi fentinsa, ya ce A ɗin ma ta isa.

Ƙanwarsa ta tambaya me ke ɗaga ta. Ya hura balan-balan ya sake, ta yi ta yawo a falo tana kuka. Ya ce iska ta fita ta baya, balan-balan ta yi gaba, roka ma hayaƙi mai zafi take fesowa ƙasa ita ta yi sama, kuma Isaac Newton ya rubuta wannan ƙa'ida tun 1687. Na tuna wannan yaro ne malamarsa ta ce ba ya ɗaga hannu a aji.

Ranar tashi Asabar ce cikin Oktoba, da sanyin safiya. Gonar masara ce da aka girbe, faɗinta iya ganinka, mai ita ya ba ƙungiyar aro. An share wurin harbawa tas, ba kara ba busasshiyar ciyawa, ga tukunyar kashe gobara a gefe, ga tuta da ke nuna ƙarfin iska, domin dokarsu ta hana harbi in gudun iska ya wuce kilomita 32 a awa. Akwai iyaye da yara, akwai tsofaffin da tun suna samari suke wannan wasa. Kowace roka sai ta bi ta teburin wani dattijo mai farin gemu kafin a kai ta fage. Na matsa zan yi bayani, ya ɗaga mini hannu cikin ladabi ya dubi yaron. Wa ya haɗa? Ya ce ni. Ya ja fukafukan ɗaya bayan ɗaya, ya zare hula ya mayar, ya tambaye shi ko ya cusa takardar nan da ba ta cin wuta tsakanin inji da laima, don kada zafi ya narkar da ledar. Ya ce ya sa. Dattijon ya sa hannu a kati ya ce masa, je ka.

Ya zura rokar a siririyar sandar ƙarfen da ke tsaye, wadda ke riƙe ta a miƙe har ta sami gudun da fukafukai za su fara aiki. Ya cusa 'yar wayar kunnawa cikin ramin inji, ya maƙala mata 'yan kama biyu na wayar batir, ya dawo bayan igiya. Doka ta ce ga ƙananan injuna a ja baya aƙalla ƙafa 15, kusan mita 5, su kuwa sun ƙara a kan haka. Da yake karonsa na farko ne, aka miƙa masa akwatin kunnawa. Akwatin ba ya aiki sai an sa masa makulli. Aka faɗi sunansa a lasifika, aka duba sama ba jirgi, jama'a suka ƙirga tare: biyar, huɗu, uku, biyu, ɗaya. Ya danna.

Shiru. Shaho na nan zaune a kan sandarta, ko hayaƙi babu.

Na ga dugadugansa sun ɗaga. Na san wannan motsi, shi ne motsin da ke kawo mana yara asibiti: nokawut ya ƙi fashewa, yaro ya koma ya ɗauka ya leƙa. Bakina ya buɗe. Kafin murya ta fito, ƙanwarsa ta riga ta sunkuya za ta wuce ta ƙarƙashin igiya. Sai na ga ya cafko hannunta, da ɗaya hannun kuma ya zare makullin. Da Hausa ya yi mata magana, ba da Turanci ba: "Tsaya. Ba a zuwa sai an ƙirga sittin." Dokar ƙungiyar ce, in inji ya ƙi tashi a cire makulli a jira daƙiƙa 60, wato minti ɗaya cur, domin wuta kan yi kwanton ɓauna. Ya fara ƙirgawa a fili, yana riƙe da ita. Dattijon nan yana gefe, hannuwansa a aljihu, bai ce uffan ba. Ni kuwa hannun da ke riƙe da hannunta nake kallo. Wata biyu da suka wuce shi ya ba wannan hannu bututun ƙarfe ya riƙe masa. Ban san hawaye na zuba ba sai da iska ta sanyaya mini kumatu.

Da sittin ta cika suka je shi da dattijon. Laifin namu ne, garin ɗoki ya bar 'yan kaman nan biyu suna taɓa juna, wutar batir ta bi ta gajeriyar hanya ba ta isa inji ba. Ya raba su, ya dawo, aka sake ƙirge. A wannan karon sai muka ji fuuu, Shaho ta bar sanda kamar an fizge ta. Wutar ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba ta ƙare, amma rokar ta ci gaba da hawa tana jan farin zare na hayaƙi, har ta zama ɗigo. Can sai ɗan ƙara, laima ta buɗe, ta riƙa saukowa tana lilo. Yaran suka bi ta da gudu cikin kunyoyi bayan an ba da izini. Sau uku ta tashi ranar. A na uku fiffike ɗaya ya tsage wajen sauka, shi kuwa ya duba ya ce gam zai gyara.

A mota muna dawowa, ƙanwarsa ta yi barci, ya daɗe yana juya ƙonannen injin a hannunsa. Sai ya ce, "Umma, wannan ɗan ƙaramin ne ya kai ta can sama, kuma yana da ramin fita. Nawa ba shi da rami." Na ce haka ne. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaron nan na Kano, ya iya rubutu?" Na ce lokacin da yake zuwa wankin ciwo ya fara koyo da hagu. Bai sake magana ba har muka iso gida.

Na san cikinku akwai masu cewa wannan ai ba wa yaro wuta ne da hannunka. Ban ce babu haɗari ko kaɗan ba, kuma ban yi nadamar faɗan da na yi a gareji ba. Har yau ashana a kulle take, injuna suna akwatina. Abin da na koya shi ne, faɗana ya tsayar da shi rana ɗaya, amma bai koya masa tsayawa da kansa ba. Wannan sai da ya sami abin da yake ƙauna, ya sha wahalar gina shi, aka ce masa ga sharuɗɗan in kana so ka ga ya tashi. Ranar da ba na nan, kuma mai aikin dare sau da yawa ba ta nan, abin da ke cikin kansa ne zai riƙe hannun ƙanwarsa.

Ga 'yan'uwa da ke gida, ina roƙonku kada ku aiko wa kowa saƙon ya taho muku da waɗannan injuna. An haramta ɗaukarsu a jirgin fasinja, kuma a halin tsaron da ake ciki, abu mai ƙara da hayaƙi da ya tashi sama a unguwa zai iya jawo firgici da abin da ba a so. Ko nokawut ma 'yan sanda sukan sanar da hana shi lokutan bukukuwa. Haka nan kada wani ya ce zai haɗa makamashi da kansa don ya gani a bidiyo. Wannan shi ne ainihin abin da aka ƙirƙiro wasan don a kauce masa.

Akwai roka da ba ta buƙatar wuta sam, ta ruwa. A sami robar lemo mai gas, babba, domin ita aka yi don jure matsi. Kwalbar gilashi ko kusa. A liƙa mata fukafukan kwali uku ta wajen baki da salatif, a yi mata hula a gindi, a zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku. A toshe bakin da toshiya da aka zura wa bawul na tayar keke, a kifa ta baki ƙasa a kan mazauni, a haɗa da famfon keke mai dogon tiyo. Ana buga iska matsi na ƙaruwa, har toshiyar ta fice, ruwa ya feso ƙasa, roba ta yi sama fiye da tsayin bene. Ƙa'idar Newton ɗin nan ce dai, awon fukafukai da gwajin zare duk suna nan. A yi a filin makaranta da sanin shugabanta, babba yana tsaye, nesa da wayoyin lantarki. Kowa ya ja baya, a ƙirga kafin a fara, kada a sunkuya a kan robar da ke da iska, in kuma ta ƙi tashi a jira, babba ya je ya sauke iskar.

In kuwa ƙaddara ta faɗa, yaro ya ƙone, ruwa mai sanyi mai gudana za a sakar wa wurin na minti 20. A cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsumma mai tsabta, a tafi asibiti. Ban da ƙanƙara, ban da ƙwai, makilin, gishiri ko baƙin mai. In ido ne, kada a murza, kada a yi ƙoƙarin ciro abin da ya shige.

Shaho tana kan kanta a falo, an gyara fiffikenta. Yanzu ƙanwarsa ce ta matsa sai an saya mata tata, kuma yayanta ya riga ya gaya mata ba za ta ɗora fiffike na biyu ba sai na farko ya bushe. Ku fa, wane wasan haɗari kuka yi kuna yara, kuma me ya raba ku da shi, bulala ko wani abu daban? Ina jiran ji daga gare ku, musamman iyaye maza masu tabo a yatsa. Allah ya tsare mana zuri'a, ya shirya mana su. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.